Da Izinin Uwarsa

Delia ta jingina wayar a jikin robar sabulun wanki, ta danne maɓallin sauti har ya sauka ƙasa tsaf, sannan ta leƙa falo. Jaririn Madam Teo na barci, hannu ɗaya a dunƙule kusa da kunne. A saman kabad ƙaramar kyamarar gidan ta zuba ido, jan ɗigonta na ƙyaftawa. Lungun wanki ne kaɗai idonta ba ya kaiwa, amma kunnenta babu inda ba ya kaiwa. Dokar Madam ba ta da wuyar haddacewa: ba waya a lokacin aiki, ba sa abin ji a kunne, kada yaro ya yi kuka ba a ji ba. A ɗakin jaririn ma Delia ke kwana, don haka shiru ya zame mata kamar rigar aiki, ba ta cire shi sai ranar Lahadi.

Yau kuwa Talata ce, kuma ta yi alkawarin ba da amsa yau.

Mahaifiyarta, Lola Pining, ce ta turo saƙo daga ƙauyensu na gefen Iloilo, wata jikar maƙwabta ta rubuta mata. Wai Renzo ya hana kowa sakat. Akwai wani da yara ke kira Kuya Dagit, Kuya wato yaya, da ke buga wasan gina gidaje a waya yana nuna wa duniya, duk yaran layi suna kallonsa, Renzo kaɗai aka bari a baya. "Na ce masa ba ruwana," in ji saƙon. "Idona ko zare ba ya iya zura wa allura. Ke kika kafa doka, ke za ki yanke."

Dokar kuwa tata ce. Shekara huɗu ke nan da ta zo Singafo aikatau, ta bar yaron yana ɗan shekara uku, bayan ubansa ya tafi Manila neman aiki bai sake waiwayo ba. Ba ita ke yi masa wanka ba, ba ita ke raka shi makaranta ba, ko lambar takalminsa sai an faɗa mata. Abu ɗaya ta riƙe gam: Renzo ba zai kalli komai a waya ba sai ta fara gani. Wannan ne kaɗai guntun uwa da ya rage a hannunta, tana kuwa lallaɓa shi kamar ƙwai.

Ta danna bidiyon.

Wani saurayi ne ya bayyana, tsaf da shi, da tabarau da ɗan gicciye a wuya. Kafin ya zauna sai ya nufi wata tsohuwa da ke kan kujera a bayansa, ya rusuna, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa. Delia ta ji wani abu ya narke a ƙirjinta. Rabonta da ganin saurayi ya gai da babba haka tun tana gida. Wanda ya san hannun kakarsa, ai ya san Allah.

Daga nan wasa ya fara. Korayen filaye, tumaki masu kusurwa huɗu, gidaje na tashi bulo bayan bulo. Abu uku Delia ke dubawa, kamar yadda uwaye suka koya wa juna a dandalin da 'yan aikatau ke haɗuwa ranar Lahadi: jini, bindiga, tsiraici. Ta ja yatsa gaba, ta ja baya, babu ko ɗaya. A gefen allon akwai ƙananan tagogi, kowace da fuskar yaron da ke wasa tare da shi. Bakin saurayin na motsi ba tsayawa, yaran na ƙyalƙyalawa. Wata yarinya ma har ta rufe fuska da tafuka biyu, kafaɗunta na rawa. Dariya ta ci ƙarfinta ke nan, Delia ta ce a ranta, ita ma ta murmusa.

Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Kowanne da gaisuwar kakar yake farawa.

Injin wanki ya yi ƙara ya tsaya, jaririn ya motsa. Da sauri ta rubuta: "Na duba, Nanay. Yaron kirki ne, yana da tarbiyya. Ki bar Renzo ya kalla, awa ɗaya bayan ya gama aikin makaranta." Ta cusa wayar a aljihu, ta ɗauko sandar gora ta fara zura rigunan Madam, ta tura ta waje ta tagar hawa na goma sha huɗu don su bushe.

* * *

Da farko ma sai ta ga kamar albarka ce ta shigo gidan. A da in ta kira ranar Lahadi, Renzo ba ya wuce "eh, Mama" da "a'a, Mama", idonsa na kan ƙofa. Yanzu bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin gidan da Kuya ya gina a kan ruwa, da dokin zinariyar da ba kowa ke samu ba. Minti ashirin yana zuba, ita kuwa ko rabi ba ta fahimta, amma ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon giɓin haƙorinsa. Ba ta sake buɗe wani bidiyon ba. Wanda ya ɗanɗani miya ya ji gishiri ya yi, me zai mayar da shi tukunya?

Lola Pining ce kawai ke ƙorafi.

"Bakin ɗan nan ya yi kaifi, Delia. Jiya ya tasa ɗan mai babur a gaba, yana ce masa wai ubansa warin hayaƙi yake, har yaron ya fashe da kuka. Shi kuma ya juyo yana ce wa sauran, wai minti biyu kacal ya ɗauka."

"Yara ne, Nanay. Mu ma mun yi."

"Ku dai ba ku ƙirga minti ba."

"Ki ja masa kunne mana."

"Wane kunne? Wanda kullum a toshe yake da abin jin nan mai igiya?"

Delia ta yi dariya, ta sauya zance zuwa maganin hawan jinin tsohuwar.

Bayan wata biyu Renzo ya zo da babbar magana. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon.

"Mama, Kuya zai yi rana ta musamman! Ta yaran da iyayensu mata ke aiki a waje kawai. Zai zaɓi uku su yi wasa da shi kai tsaye. Amma sai uwa ta yi bidiyo ta ce ta yarda. Mama, don Allah. Don Allah, don Allah."

Delia ta ƙara riƙe wayar da kyau. Ashe akwai wanda ke tuna 'ya'yan 'yan aikatau. Ga shi kuma ba ya ɗaukar yaro sai da izinin uwa. Wace shaida kuma ake nema?

A ranar ta yi bidiyon. Ta sa rigar nan ruwan ɗorawa da Madam ta ba ta bara, ta tsaya a gaban wani dogon bene mai gilashi. Ƙawarta Bebang, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana aikatau kuma bakinta bai taɓa hutawa ba, ita ta riƙe wayar, bayan ta shafa mata jan-bakinta da ƙarfin tsiya.

"Ke, murmushi za ki yi! Ba hoton fasfo ba ne. Ɗago haɓa. Kai, wannan in Madam ta gan ki sai ta tambaye ki ko kina neman 'yar aiki."

"Bebang, ki bari mana, sai na manta abin da zan ce."

Sau huɗu suna sakewa. A na biyar ta faɗa ba gargada, duk da muryarta na rawa: "Ni ce Delia Sumagaysay, mahaifiyar Renzo. Na yarda ɗana ya yi wasa da Kuya Dagit. Renzo, ka yi ladabi, ka ji? Mama na son ka." Ta ɗaga hannu biyu tana kaɗawa, ta sumbaci yatsunta ta hura masa.

Ranar Alhamis saƙo ya zo. An zaɓi Renzo.

* * *

Ƙarfe uku na yammacin Lahadi, Delia da ƙawayenta, su shida, suka zauna a kan kwalin da suka shimfiɗa a inuwar gadar masu tafiya a ƙasa, inda suka saba. Akwai taliyar pansit a roba, akwai adobon kaza, akwai shinkafa a leda. Bebang ta zo da 'yar lasifikarta, ta haɗa da wayar Delia, ta ajiye a tsakiya.

"Ku matsa, ku matsa, uwar tauraro za ta zauna. Delia, in ɗanki ya yi suna kada ki manta wa ya shafa miki jan-baki."

Allon ya haska. Saurayin ya rusuna, ya ɗora hannun tsohuwar a goshi. Matan suka yi ta "kai, madalla". Ya zauna, ya gyara tabarau, ya buɗe baki. A karo na farko Delia ta ji muryarsa. Siririya ce, mai sauri, kamar ta mai tallan magani a tasha.

"Ƙannena! Yau muna da baƙi na musamman. Marayu masu iyaye! A tafa musu!"

Cokalin Bebang ya tsaya a hanya.

Tagogi uku suka buɗe: wata yarinya mai ribbom, wani yaro mai kumatu, sai Renzo. An taje masa kai da ruwa, yana sanye da rigar coci. Delia ta gane labulen kicin ɗinsu a bayansa. A cikin wasan kuwa, ƙananan mutane uku na tsaye kowanne a kan katako, ƙarƙashinsu rami ne mai jan wuta.

"Kun san doka," in ji Kuya Dagit. "Wanda ya yi kuka, na zare katako. Wanda ya fi ba mu dariya a kan mamarsa, dokin zinariya nasa ne. Kada wani ya ce na zalunci yaro, iyayen ne suka sa hannu da bakinsu. Ga shaida!"

Ya fara da uwar yarinyar, wata mata da ke magana daga wani kicin mai farin tayil. Ya tsayar da hoton daidai inda bakinta ya karkace, ya kwaikwayi muryarta, ya tambayi yarinyar ko ta san mamarta ta fi sanin sunan karen uban gidanta fiye da ranar haihuwarta. Yarinyar ta yi ƙoƙarin dariya. Ya sake tambaya. Ya sake. Sai ta rufe fuska da tafuka biyu, kafaɗunta suka fara rawa.

Delia ta matso kusa da allon. Ta san wannan rufe fuskar. Ta gan ta a lungun wanki, har ta yi mata murmushi.

"Minti ɗaya da rabi!" Kuya ya yi ihu. Katako ya zare, 'yar mutuniyar ta faɗa wuta. Fuskokin dariya suka yi ta kwarara a gefen allon kamar an ɓalle famfo. Mutum dubu shida da ɗoriya ke kallo.

Yaro mai kumatu bai kai ko minti ɗaya ba.

Sai ga rigar ruwan ɗorawa ta cika allon. Muryar Delia ta fito daga lasifikar, tana rawa, ta bazu a ƙarƙashin gadar, har matan da ke kwalin kusa suka juyo.

"Tsaya, tsaya!" Ya tsayar da ita hannuwa a sama, baki a tsuke. "Ƙannena, ku dubi Madam! Renzo, benen nan na mamarka ne? Ko tagoginsa take gogewa? Rigar fa, kyauta ce ko daga kwandon shara aka ceto ta?"

Renzo ya yi dariya. Ƙwayar idonsa ta ɗan kauce gefe, ta dawo.

"Yaushe rabon da ta goya ka?"

"Ban sani ba, Kuya."

"Bai sani ba! To wa take goyo yanzu?"

"Ɗan Madam."

"Ɗan Madam! Shi ake wanke wa kashi, kai kuma a turo maka sumba ta iska. Ka ji zafi, ko? Faɗi gaskiya, ƙanena. Ga hawaye nan, ina hango su."

Bebang ta miƙa hannu za ta kashe. Delia ta riƙe mata wuyan hannu.

"Bari."

"Delia, don girman Allah."

"Ni na ce zan duba. Bari in duba."

Haɓar Renzo ta yi rawa sau ɗaya. Delia ta san wannan rawar tun yana cikin zani, ta san abin da ke biyo bayanta. Ta samu kanta tana roƙo a zuci, ba ta ma san me take roƙo ba, ya yi kukan ko kada ya yi. Yaron ya haɗiye. Ya miƙe, ya fizgo tsumman goge kwano daga ƙusa ya yafa a kafaɗa, ya tsuke baki, ya ɗaga hannu biyu yana kaɗawa.

"Renzo, ka yi ladabi, ka jiii? Mama na son kaaa."

Har rawar muryar sai da ya kwaikwaya. Kuya Dagit ya bugi tebur yana riƙe ciki.

"Ƙara! Ƙara mana ɗaya, doki ya zama naka!"

Renzo ya yi jim, yana lalube. Sai fuskarsa ta washe.

"Lola ta ce Mama a tsaye take cin abinci. A bayan firiji. Ragowar na Madam."

Wannan magana sau ɗaya Delia ta taɓa faɗin ta, ga mahaifiyarta, a shekararta ta farko, tana kuka. Ba ta san maganar ta kai kunnen yaron ba.

Dokin zinariya ya sauko daga sama, ƙananan taurari na zuba. A ƙarƙashin gada matan suka sunkuyar da kai. Ƙuda ya sauka a kan taliyar, ba a kore shi ba.

"A kai ƙararsa," Bebang ta ce daga baya. "Ɗan banza mara mutunci. Akwai wajen kai ƙara, wallahi sai mun kai."

"In ce musu me?" Delia ta tambaya a hankali. "Da sunana ne, Bebang. Da bakina."

* * *

Ta koma bayan wani ginshiƙi ta kira gida. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Mama! Kin gani? Kin gani? Na ci! Ni kaɗai ban faɗa ba!"

Gumi ya jiƙe masa goshi, idanunsa na sheƙi. Ba ta taɓa ganin sa cikin murna irin wannan ba, ko ranar da babban kwalinta ya iso da keke a ciki. Duk maganar da ta shirya ta watse.

"Renzo, me ya sa ka faɗi zancen abincin?"

"Wasa ne fa, Mama. Kuya ya ce mai kuka shi ne rago. Ban yi kuka ba. Saura kaɗan, amma ban yi ba." Ya tsaya yana kallon ta, yana jiran yabo.

"Daga yau ba za ka sake kallon mutumin nan ba."

Murnar ta zube daga fuskarsa.

"Amma ke kika ce yana da kirki."

"Na ce. Yanzu kuma na ce a'a."

"Kin ce kin duba! Lola ta faɗa min. Kullum haka yake yi, Mama, kullum. Ba ki ji ba ne?"

Ta buɗe baki. Za ta ce masa akwai kyamara, akwai jariri, akwai dokar Madam? Wane ɗan shekara bakwai ne zai karɓi wannan? Ta mayar da bakin ta rufe. Tana kallo yaron ya fahimta, tana kallo wani abu ya rufe a idonsa a hankali, kamar ƙofar shago.

"Ba ki san komai ba," ya ce, ba da tsawa ba.

Allon ya juya, ya nuna kwanon rufi. Ta ji takun silifa na nisa. Can sai fuskar Lola Pining ta bayyana, kusa sosai, tana ƙifta ido.

"Ni ban ji me aka ce ba, abin yana kunnensa. Na ga dai yana rawa da tsummana. Lafiya?"

"Nanay, ki karɓe wayar. Ki kulle ta a kabad."

"Sai in karɓa. Akwatin intanet na shagon Manang Berta fa, shi ma in kulle? Peso ɗaya za su jefa, su goma su taru a kan waya ɗaya. Layin nan gaba ɗaya ne, 'yata, ba ɗanki kaɗai ba." Tsohuwar ta juya kai. "Ji su can. Tun ɗazu suke jiran sa a ƙofa. Tsaya in nuna miki, ko za ki gane abin da suke yi."

Hoton ya yi tangal-tangal, ya wuce labule, ya wuce tabarmar da aka shanya kifi, ya tsaya a kan titi.

Yara ne sun fi goma sha biyar, wasu ko wando babu. Sun yi layi a gaban shagon, kowanne da abin da ya yafa a kafaɗa, wani leda, wani tsohuwar riga. Hannuwa biyu a sama, suna kaɗawa, suna rerawa da murya ɗaya, "Mama na son kaaa, Mama na son kaaa." Wata 'yar mitsitsiya da ko magana ba ta gama iyawa ba tana can ƙarshen layi tana hura sumba. Manya biyu sun ɗaga Renzo a kafaɗa.

Daga can saman ya hango kakarsa da waya a hannu. Ya daina dariya. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu a hankali ya kaɗa. Hoton ya yi nisa, ya kuma dushe, ba a iya ganin ko bakinsa a tsuke yake.

Delia ta sauya wayar zuwa hagu, ta ɗaga hannun dama daidai kafaɗa, ta riƙe shi a nan.